Yatsun Auta

24 ga Fabrairu

Goggona,

Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwa, da fatan direban da ke kawo muku takardar nan ya same ku lafiya, ke da Baba. Yaya jikin nasa? Ya fara iya zama ba tare da an tallafe shi ba? Ke kuma gwiwar nan, kina shan maganinki, ko kuwa halin tsofaffin nas ne, ku duba kowa ku manta da kanku?

Mu nan lafiya ƙalau. Sanyi ya ja baya, itatuwan bakin titinmu sun yi sabon ganye, wadda ke jikin tagarmu har ta yi fure ta tara mana ƙudan zuma. Autanki ya yi kumatu. Maigidansa a shagon ɗinkin kujeru ya ce cikin ma'aikatansa tara babu mai hannunsa, kuma shi kaɗai ne ba ya ɓata lokaci wajen surutu. Na rubuta wa Auta wannan a takarda, ya yi dariya har ya shaƙe da shayi.

Labarin da ya ce lallai in ba ki shi ne, ranar uku ga watan gobe ƙungiyarsu ta kurame za ta yi tattaki, wai rana ce da aka ware don maganar ji da masu lalurar kunne. Za su taso daga ofishinsu su ƙare a lambun gari, a yi jawabai da wasanni. An raba musu shuɗɗan riguna da huluna. Shi ya ɗinka babban ƙyallen da za a riƙe a gaba, kuma an ba shi minti biyar ya ba da labari da hannu a gaban jama'a. Kullum da safe yana gaban madubi yana ta gwada labarin, ni ina tsaye da reza ina jiran in yi aski. Na tambaye shi labarin mene ne, ya rubuta mini, "Ka zo ka gani."

Ba zan samu zuwa ba. Ranar ina gadin ƙofar sito, kuma kin san kamfanin nan namu, wanda ya nemi hutu sai a fara masa kallon wanda ya gaji da aikin. Ya yi fushi, jiya bai rage mini ruwan zafi ba. Zai huce.

Ɗanki,
Dogo

1 ga Maris

Dogo,

Takardarka ta iso, na karanta wa Babanku sau biyu. Jiki da sauƙi, yana zama in an jingina shi, bakin ne dai har yanzu bai saki ba. Gwiwa tana nan, mun saba da juna.

Yanzu kai ko kunya ba ka ji? Shekara biyu kuna ɗaki ɗaya da ɗan'uwanka, har yau maganar hannun da ka iya ba ta wuce "abinci", "ruwa", "tashi" da "kwanta" ba. Ko kyanwa aka ba ka riƙo ai kun wuce haka. Ni da na koya da girmana, ga miji, ga aikin asibiti, ga ku biyu a wuyana, kai me ya hana ka?

Ka je wurin wannan shugaban naku da kuke ce wa Kwamanda, wanda ko bindigar wasa bai taɓa riƙewa ba, ka nemi rabin yini. Tun Auta na ƙarami a bayan aji ake ajiye shi. Wannan ne karo na farko da jama'a za su tsaya su dube shi, ya kamata a ce akwai fuskar gida a wurin. In takardar nan ta iso a makare, to, na dai faɗa.

Ka ce masa ya goge rigar, na san shi.

Goggonka

5 ga Maris

Goggo,

Ina gaisuwa. Ki zauna kafin ki ci gaba da karatu.

Auta yana asibiti. Yana da rai, yana cikin hankalinsa. An tarwatsa tattakinsu da duka. A hannun dama yatsu uku da ƙashin bayan hannu sun karye. A na hagu, wuyan hannu da yatsu biyu. Jiya aka yi masa aiki, an ɗaure duka biyun har gwiwar hannu.

Ni na kai shi asibiti. A hannuna abin ya faru, Goggo. A hannuna.

Sau uku ina ɗaukar waya in kira ki ina ajiyewa. Takardarki sai jiya ta same ni.

Dogo

8 ga Maris

Ɗana Dogo,

Allah ya sa kai lafiyarka ƙalau, tunda ba ka faɗa ba. Na karanta takardarka a tsaye, ban bi shawararka ba, sai tsintar kaina na yi a ƙasa. Ban gaya wa Babanku ba, amma duk inda na juya idonsa na kan fuskata.

Ka daina cewa a hannunka ya faru. Na ba ka amanarsa, gaskiya ne, amma ban ce ka riƙa bin sa titi-titi ba. Kai kana bakin aikinka. Da ba ka je ka ɗauke shi ba, wa ya san awa nawa zai yi a kwance, mutumin da ba zai iya faɗin sunansa ba? Allah ya yi maka albarka.

Yanzu ka saurare ni. Kan yatsun da suka leƙo daga ɗaurin, ka duba su safe da yamma. In sun yi sanyi ko sun fara baƙi, ka ɗaga hankalin kowa a ɗakin, kada ka ji nauyin likita. Hannayen su zauna a kan matashi, sama da ƙirji. Ka tambaya ko jijiya ta taɓu.

Ka gane abin da aka yi masa kuwa? Mai ji in an karya masa hannu yana da baki. Auta da yatsun nan yake magana, da su yake rubutu, da su yake neman abinci. Yanzu yana kwance ba shi da yadda zai ce ga inda ke masa ciwo. Ban san wanda ya yi wannan ba, amma duk sallar da na idar sai na kai ƙararsa. Allah ya busar da hannun da ya ɗaga sandar nan, ya hana shi barci, ya hana uwarsa jin daɗinsa. Ka nemo mini sunansa.

Ba ni da wanda zan bar wa Babanku, ina nan ina nema. Ka ɗauki waya in na kira.

Goggonka

23 ga Maris

Dogo,

Muna lafiya, in ka damu ka sani.

Mako biyu babu takarda, waya a kashe. Direba ya ce sau biyu yana zuwa ɗakinku yana tarar da kwaɗo a ƙofa. Wata nas ce a asibitin take ba ni labarin Auta, Allah ya saka mata. Ta ce kana zuwa kullum, kana wanke shi, kana ba shi abinci a baki. Ta ce yana karɓa, amma da ka shigo sai ya rufe ido, ba ya buɗewa sai ka fita.

Jiya matar maƙwabcinmu ta nuna mini bidiyon abin a wayarta. Daga bene aka ɗauka, ba a ganin fuska. Amma na ga kayan masu dukan. Ruwan toka ne da jan layi a kafaɗa, irin wanda ke jikinka a hoton da na rataye a falo.

Na san kamfaninku yana da mutane da yawa, kuma kai ka ce kana sito. Na ɗauko takardarka ta biyar ga wata na sake karantawa. Ina so ka rubuto mini abin da kake nufi da "a hannuna".

Goggo

27 ga Maris

Goggo,

Ban san ko ina da bakin gaishe ki ba, amma ina gaisuwa, ke da Baba. Auta yana samun sauƙi. Yatsun ba su yi baƙi ba. Likita ya ce sai an kwance ɗaurin za a san maganar jijiya.

Kin ce in nemo miki suna. Ba sai an nema ba.

Ranar ina sito har ƙarfe sha ɗaya. Sai mota ta zo, aka ce Kwamanda yana son mutum ashirin a babban ginin shagunan da kamfaninmu ke gadi, wai masu zanga-zanga sun tare ƙofa. A cikin mota aka raba mana kulki da hular kwano mai gilashi a fuska. Ban kawo komai a raina ba, don na san su Auta lambu za su. Sai daga baya na ji cewa an rufe titin lambun ana gyara, shi ya sa suka karkata zuwa filin da ke gaban ginin. Suna da takardar izini. Malamar da ke musu fassara, ita kaɗai ce mai ji a cikinsu, ta shiga ciki da takardar don ta nuna wa manaja, aka bar ta zaune tana jira.

Muka sauka aka jera mu. Sun kai mutum ɗari biyu, duk sun ba mu baya, suna kallon wani da ya hau gefen tankin ruwan ado da ke tsakiyar filin. Goggo, na ga rigunan. Shuɗɗa ne. Da safen nan na ga irinta a jikin Auta.

Kwamanda ya ɗaga lasifika ya ce, "Ku watse, wannan wurin mutane ne." Babu wanda ya juyo. Ya sake faɗa. Ya ce zai ƙirga goma. Ina tsaye tsakanina da shi bai fi taku huɗu ba. Abin da zan ce kawai shi ne, kurame ne, ba sa jin ka. Maganar ta zo har bakina. Na dubi wuyansa yadda jijiyoyi suka tashi, na tuna mutumin da ya mara a gabanmu don ya gyara masa magana, sai na ce a raina bari wani ya faɗa. Na kuma ce wataƙila wata ƙungiya ce daban. Ƙarya nake yi wa kaina, na sani.

Yana kai goma, sai dukkansu suka ɗaga hannaye sama suna kaɗawa. Yanzu na san tafinsu ke nan, wanda ke gaba ne ya gama jawabi. Kwamanda ya ce, "Kun ga raini ko? Ku shiga."

Muka shiga ta bayansu. Ba su ji tahowarmu ba, ba wanda ya kare kansa, ba wanda ya gudu sai da sanda ta sauka. Wanda ke kusa da ni ya kai wa wata mata a ƙeya, ta faɗa cikin tankin, ruwan ya yi ja. Wani dattijo ya juyo yana nuna kunnensa da yatsa, aka buga masa kulki a baki. Na gaba ba su san abin da ke faruwa a baya ba, suna nan suna tafi, na baya suna zubewa a kansu. Sun yi ihu, irin muryar da kika sani, wadda ba ta da kalma. Har yau ita nake ji.

Ni ban tsaya ba. Da kowa ya ruga sai na ruga. Na ga hannu a sama gabana, na kai masa da iya ƙarfina, na ji ƙarar ƙashi ta biyo sandar har kafaɗata. Mutumin ya juyo ya ɗaga ɗaya hannun bisa kansa, na sake kai masa. Ya durƙusa, hularsa ta faɗi. Sai na ga tabon nan na bayan kunne, na faɗuwar da ya yi daga katanga muna yara.

Na jefar da kulkin na ɗauki Auta a kafaɗa. Kwamanda yana kirana, ban juya ba. A tasi hannayensa suna kan cinyata, yatsa ɗaya ya juya baya, ƙashi ya leƙo. Ko layinsa na ba da labari bai zo ba.

Mutum talatin da ɗaya aka kwantar. Matar da ta faɗa ruwa har yanzu ba ta farfaɗo ba.

Kamfani ya rubuta takarda cewa su suka fara jifanmu da duwatsu, wani ma ya zaro wuƙa. An ce duk mu ashirin mu sa hannu kafin Litinin. Sha bakwai sun sa. Lauyan ƙungiyar kuma yana neman ko mutum ɗaya daga cikinmu da zai faɗi gaskiya. In na faɗa, da kaina zan fara. Me zan yi, Goggo?

Albarkar da kika sa mini ba tawa ba ce. Ɗayar addu'ar ce tawa.

Dogo

2 ga Afrilu

Dogo,

Babanku yana nan yadda yake. Ni kada ka tambaya.

Kwana uku ban iya riƙe biro ba. Na yi shekara talatin ina ɗinke mutanen da aka fasa wa kai, na san yadda mutum ke zama dabba in ya shiga cikin taro. Da ka ce mini ba ka gane su ba, da na nemi hanyar da zan yarda. Amma ka gane. Kalma biyu ce, Dogo. Allah ya ba ka kunne da baki, ya hana ɗan'uwanka, ran da ya buƙaci ka ara masa su sai ka haɗiye.

Kana da shekara shida na ɗauko ka ranar da aka binne yayana. Tabarma ɗaya na shimfiɗa muku. Kai ne kake dawowa da yagaggiyar riga don ka yi faɗa da yaran da ke tsokanarsa. Ina wannan yaron ya tafi?

Fiye da kwana ashirin ina yi wa mutum baki sau biyar a rana. Na ce Allah ya hana uwarsa jin daɗinsa. Ashe uwar ni ce. Ban san yadda ake janye irin wannan ba, kuma ban tabbata ina so ba tukuna.

Kana tambayata me za ka yi da takardarsu. Ba ka tambaye ni ba kafin ka ɗaga sanda. Litinin ta riga ta wuce, duk abin da ka yi ka yi shi kai kaɗai. Ka rubuto mini wanne ne.

Kada ka daina zuwa asibiti. Ko yawu ya tofa maka, ka share ka miƙa masa loma ta gaba.

Na sauke hoton daga bango.

Goggo

16 ga Afrilu

Goggo,

Ina gaisuwa, ina yi wa Baba fatan ƙarin sauƙi. Ki yi haƙuri da rubutun, zama a miƙe yana mini wuya.

Ban sa hannu ba. Ranar Litinin ɗin na tafi ofishin lauya na faɗi komai, aka rubuta, na sa hannu a wannan. Washegari na je mayar da kayan kamfani. Ina cikin ɗakin canza kaya mutum huɗu suka shigo, Kwamanda ya tsaya a bakin ƙofa ya tura ta da ƙafa. Ya ce, "Kai ne mai gaskiya a cikinmu ko?" Ɗaya ya riƙe ni ta baya, wanda muka yi shekara uku muna cin abinci kwano ɗaya. Suka fara da kan bel, da na faɗi suka koma takalmi. Suka buga kaina da ƙofar akwatin ƙarfe har ta lotsa. Haƙarƙari biyu sun tsage, haƙori ɗaya ya fita. Ban rama ba. Ba don ina da haƙuri ba ne, hannuna ne ya ƙi ɗaguwa. Mai shara ce ta same ni ta kira mota.

Ranar Alhamis na tsaya gaban kwamitin bincike da bandeji a ƙirji. An tsare Kwamanda da mutum shida. Lauya ya ce ni ma za a gurfanar da ni, na ce na sani. Matar nan ta buɗe ido, amma ba ta gane 'ya'yanta ba.

Shekaranjiya aka kwance wa Auta ɗaurin. Hagu ya yi kyau. A dama, manuniya da na tsakiya ba sa lanƙwasuwa. Likita ya ce a yi ta motsa su wata shida a gani, amma kada a sa rai zai riƙe allura kamar da.

Malama mai fassara tana wurin. Da likita ya fita, Auta ya dube ni, karo na farko tun ranar. Ya daɗe yana kallon bakina da ya kumbura. Sannan ya fara magana da hannu a hankali, yana cije leɓe saboda zafi, Malama tana faɗa mini.

Ya ce, "Bugun farko ba ka san ni ne ba, na yarda."

Ya ce, "Da na juyo na gan ka ta cikin gilashin. Na yi murna. Na ɗauka ka zo ka fitar da ni."

Sai ya ɗaga hannun hagu bisa kansa, tafin a kife, ya tsayar da shi a nan. Daidai yadda ya yi a filin. Malama ba ta fassara wannan ba. Na ce mata me yake cewa? Ta ce, "Ba ka san wannan ba?" Na ce na ɗauka kansa yake karewa. Ta ce, "Sunanka ne. Haka yake kiranka in yana ba mu labarinka. Duk ƙungiya ta san ka da shi."

Sunana yake kira, Goggo, na karya hannun.

Na durƙusa a gaban gadon. Bai taɓa ni ba, bai kuma kore ni ba. Ya ce gida yake so ya koma, wurinki. An ce za a sallame shi ranar Asabar mai zuwa. Ba zai iya riƙe jaka ba, kuma tafiyar yini guda ce. Malama ta ce za ta nemo wanda zai rako shi, ya girgiza kai ya nuna ni da haɓa. Ban san me hakan ke nufi ba, ban kuma tambaya ba. In ba kya son ganina, ki turo wani tasha ya karɓe shi, ni in juyo a motar.

Dogo

20 ga Afrilu

Dogo,

Babanku ya ji komai, na gaya masa jiya. Ya yi kuka, ya ƙi cin abinci, yau da safe ya ci.

Ka ɗaure ƙirjin da kyau kafin ku hau mota, kada ka zauna a kujerar da ke kan taya. In ka yi tari ka ga jini, ku sauka a asibitin farko da kuka gani. Shi kuma ka samar masa wurin taga, kada wani ya matse masa hannu. Ka karɓo hotunan ƙashin da takardar likita, ina so in gani da idona.

Ba ni da wanda zan turo tasha. Ka kawo mini shi har ƙofar gida.

Na share ɗakinsa, na wanke labule. Naka yana nan a rufe. Ban share ba, ban kuma fitar da kayanka ba.

Goggo